Haske, Iska da Dutse a Assekrem: Bayani a Kan Kimiyyar Kwantom da Ƙananan Sassan Ƙwayar Zarra

1.0 Gabatarwa

Kimiyyar kwantom reshe ne na ilimin fiziks wanda yake nazarin halayen abubuwa mafiya ƙanƙanta, wato ƙwayar zarra da sassan da ke cikinta da kuma haske. Ɗalibin harshe zai iya tambayar abin da ya haɗa shi da wannan fanni. Amsar ita ce, duk ranar da mai fassara ya zauna a gidan rediyo yana juya labarin yuraniyom na Arlit, ko ɗumamar yanayi, ko makaman nukiliya, da wannan ilimi yake mu'amala, ko ya sani ko bai sani ba. Wanda kuwa bai fahimci abu ba, da wuya ya samo masa kalmar da ta dace.

Wannan takarda za ta yi bayanin ginshiƙan kimiyyar kwantom ba tare da shiga lissafi mai zurfi ba. Domin kada bayanin ya rataya a iska, an jingina shi ga wuri guda, wato tudun Assekrem da ke kudancin Aljeriya. Za a dubi hasken da ke sauka a kansa, da iskar da ake aunawa a can, da ƙwayoyin da ke faɗo masa daga sararin samaniya, sannan da abin da ya faru a cikin wani dutse na yankin a farkon shekarun 1960.

2.0 Assekrem da Tasharsa

Assekrem tudu ne a tsakiyar duwatsun Ahaggar, ƙasar Abzinawan Kel Ahaggar. Tsayinsa ya haura mita 2,700 daga doron teku, kuma tafiyar kimanin kilomita 80 ce a mota daga birnin Tamanrasset. Shi wannan birni ba baƙo ba ne ga Hausawa, domin yana kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Damagaram da Agadas da Arlit da Assamaka, ta shiga Aljeriya ta In Guezzam. Fatake da masu neman aiki sun daɗe suna bin ta, kuma ana jin Hausa a kasuwannin garin.

Masu nazarin harshe sun san Assekrem ta wata fuskar. A nan ne Bafaranshen nan Charles de Foucauld ya gina ɗan ɗakinsa na dutse a shekarar 1911, kuma shi ne ya tattara babban ƙamus na harshen Tamahak da Faransanci, wanda aka buga bayan rasuwarsa.

A cikin shekarun 1990 hukumar kula da yanayi ta Aljeriya ta kafa tasha a kan tudun, a ƙarƙashin shirin sa ido kan iskar duniya na Hukumar Yanayi ta Duniya. An zaɓi wurin ne saboda nisansa da hayaƙin masana'antu da na motoci, don haka abin da aka auna a can yana nuna halin iskar duniya ne, ba ƙazantar gari guda ba. Daga cikin abubuwan da ake bibiya akwai iskar kabon da iskar ozon da ƙurar hamada. Har ila yau, wanda ya tsaya a Assekrem ya bar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin iskar duniya a ƙasansa. Wannan yana da tasiri ga irin hasken da ƙwayoyin da ke isa gare shi, kamar yadda za a gani a gaba.

3.0 Ma'anar Zarra da Kwantom

Kalmar zarra Hausa ta aro ta ne daga Larabci, kuma Bahaushe yana amfani da ita wajen nuna matuƙar ƙanƙanta, kamar a ce wane ba shi da tausayi ko ƙwayar zarra. Da kimiyyar zamani ta zo, sai aka ɗora wa kalmar sabon aiki, ta zama sunan ƙaramin ɓangare na sinadari wanda har yanzu yake ɗauke da halin sinadarin. Idan aka jera ƙwayoyin zarra miliyan goma a layi, tsawonsu zai kai kimanin milimita ɗaya ne kawai.

Girkawan da sun ɗauka ba a iya raba wannan ƙwaya. Bincike ya nuna akasin haka. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktiron, ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki na ragi. A 1911, shekarar da ake ɗora duwatsun ɗakin Assekrem, Ernest Rutherford ya nuna a Manchesta cewa kusan dukkan nauyin zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya mai cajin ƙari. Da za a kumbura zarrar haidirojin ta kai girman filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero da aka ajiye a tsakiyar filin ba.

Ita kuwa kalmar kwantom daga Latin ta samo asali, daga kalmar da ake tambayar adadi da ita, kwatankwacin "nawa" a Hausa. A kimiyyance tana nufin kaso mafi ƙanƙanta wanda ba a gutsurawa. Mai sayar da man gyaɗa yana iya zuba kwalba ko rabi ko ɗan ɗigo, amma mai sayar da ƙwai sai dai ya ba da ɗaya ko biyu ko uku. Babban abin da kimiyyar kwantom ta zo da shi shi ne, a wajen ƙananan abubuwa ana musayar makamashi ne irin cinikin ƙwai.

4.0 Hasken Rana: Planck da Einstein

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 masana sun gamsu cewa haske igiya ce, kamar igiyar da ke bazuwa a tafki idan an jefa tsakuwa. Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ɗan gidansu ne, sai dai zangonsa ya fi nasu gajarta nesa ba kusa ba. Hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ja ne mai dogon zango, shuɗi mai gajere. Gaba da ja akwai hasken zafi wanda ido ba ya gani, ana kiransa infared. Gaba da shuɗi kuma akwai wani ɓoyayyen, ana kiransa altarabayolet.

Matsala ta taso ne wajen bayanin hasken da abu mai zafi ke fitarwa, kamar ƙarfen da maƙeri ya sa a wuta, wanda yake fara yin ja kafin ya yi fari. Lissafin da aka gada ya kasa dacewa da abin da aka auna. A watan Disamba na 1900 Max Planck ya nuna a Balin cewa lissafin zai daidaita idan aka ɗauka makamashin yana fita ne kaso-kaso, kuma girman kowane kaso ya dogara ga saurin kaɗawar igiyar. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon girman kason.

A 1905 Albert Einstein ya ƙara gaba, ya ce shi kansa hasken yana tafiya ne a matsayin waɗannan kaso-kaso, waɗanda daga baya aka raɗa wa suna foton. Da wannan ya warware wani abin mamaki. Idan aka haska wasu ƙarafa da jan haske, komai ƙarfinsa, ilaktiron ba ya fita daga cikinsu, amma ɗan hasken altarabayolet kaɗan yana fitar da shi nan take. Yaran da ke jifan mangwaro sun san dalili: a watsa wa nunannen mangwaro tafi goma na yashi ba zai faɗo ba, amma dutse ɗaya mai nauyi ya isa. Kowane foton da ilaktiron ɗaya yake karo, don haka ƙarfin foton guda ne abin dubawa. Wannan aiki ne aka ambata a lambar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein.

Wannan bayani ne ya sa rana ke koɗar da launin atamfar da aka shanya, alhali zafin murhu ba ya koɗar da shi. Foton na altarabayolet yana da ƙarfin tsinke haɗin da ke cikin rini, na infared kuwa ba shi da shi. A wuri mai tsayi kamar Assekrem, inda iskar da ke tace haske ta ragu, irin wannan foton ya fi yawa, shi ya sa rana ke ƙona fata ko da ana sanyi. Farantan sola da suka cika rufin gidaje a Kano da Maraɗi su ma a kan wannan ƙa'ida suke aiki: foton ya faɗa kan silikon, ya tayar da ilaktiron, lantarki ya gudana.

5.0 Iska: Matakalar Bohr

Tsarin Rutherford ya zo da tasa matsalar. Bisa tsohon lissafi, ilaktiron da ke kewaya cibiya ya kamata ya zubar da makamashinsa ya faɗa cikinta cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Da haka ne, da babu abin da zai tsaya a duniya. A 1913 Niels Bohr, mutumin Denmak, ya kawo shawarar cewa ilaktiron yana da matakan makamashi ƙayyadaddu, kamar matakalar bene. Mutum yana iya tsayawa a mataki na biyu ko na uku, amma ba ya tsayawa a tsakaninsu. Idan ilaktiron ya sauko daga mataki zuwa mataki, sai ya saki foton mai makamashi daidai da tazarar. Idan kuma zai hau, sai ya haɗiye foton mai wannan ƙarfin daidai, ya ƙyale sauran su wuce.

Kowane sinadari yana da tasa matakalar, don haka kowanne yana da launukan da yake fitarwa da waɗanda yake haɗiyewa. Wannan ya zama masa kamar zanen yatsa. Gishiri idan ya zuba a wutar gas yana ba da rawaya saboda sodiyom ɗin da ke cikinsa, kuma da irin wannan alama ce aka fara gano sinadarin hiliyom a hasken rana a 1868, tun kafin a same shi a ƙasa.

A nan ne aikin tashar Assekrem ya haɗu da kimiyyar kwantom. Na'urar auna ozon da ake amfani da ita a irin waɗannan tashoshi tana da fitila mai ɗauke da sinadarin makuri, wadda ke ba da haske mai zangon nanomita 254. Ozon yana haɗiye wannan zango sosai. Sai a zuƙo iska cikin bututu, a haska ta, a auna yawan hasken da ya ɓace. Daga nan ake lissafa yawan ozon ɗin. Wannan hali nasa ne kuma ya sa ozon da ke can sama yake kare masu rai daga mafi cutarwar hasken rana.

Iskar kabon ita ma tana da matakanta, sai dai nata na girgizar ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ta ne. Tana haɗiye infared mai zangon kimanin maikiromita 4.3 da 15. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kusan kashi 99 cikin ɗari na busasshiyar iska, ba sa haɗiye shi. Ƙasa kuwa da infared take mayar da zafin rana zuwa sama. Saboda haka iskar kabon, duk da ƙarancinta, tana tare wani ɓangare na zafin. Kafin zamanin masana'antu yawanta kimanin kashi 280 ne cikin miliyan. Lokacin da aka fara ɗibar iskar Assekrem a kwalabe ana aikawa ɗakin bincike a Boulder ta Amurka, a tsakiyar shekarun 1990, ya kai kusan 360. A 2024 matsakaicin duniya ya haura 420. Ke nan batun ɗumamar yanayi, wanda ya shafi manomi a Katsina da makiyayi a Azawak, tushensa yana cikin matakalar kwantom.

6.0 Ƙwaya ko Igiya?

Idan haske, wanda aka sani igiya ce, yana halin ƙwaya, shin ƙwaya ma tana halin igiya? Louis de Broglie ya ce haka ne a 1924, kuma gwajin Davisson da Germer na 1927 ya tabbatar da shi a kan ilaktiron. A tsakanin nan Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926 suka fitar da cikakken lissafin fannin, kowanne ta hanyarsa, daga baya aka gane hanyoyin biyu gida ɗaya suke zuwa.

Gwajin da ya fi fito da al'amarin fili shi ne na ƙofa biyu. Idan aka jefa tsakuwa biyu a tafki, igiyoyinsu suna haɗuwa. A wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna ruwa ya kwanta. Idan aka harba ilaktiron ta siraran ƙofofi biyu zuwa wani allo, kowanne yana sauka a ɗigo ɗaya kamar ƙwaya. Amma bayan dubbai sun sauka, sai ɗigogin su fito a layi-layi, wani wuri cike wani wuri fayau, daidai da yadda igiyoyi ke yi. Akira Tonomura da abokan aikinsa sun nuna wannan a Japan a 1989 suna sakin ilaktiron ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, idan aka sa na'urar da za ta gano ƙofar da kowanne ya bi, layukan suna ɓacewa.

Max Born ya fassara wannan igiya a 1926 da cewa igiyar yiwuwa ce. Lissafi ba ya faɗin inda ilaktiron guda zai sauka, yana faɗin yiwuwar samunsa a kowane wuri ne kawai. A 1927 Heisenberg ya ƙara da ƙa'idar rashin tabbas: ba zai yiwu ƙwaya ta kasance da tabbataccen wuri da tabbataccen gudu a lokaci guda ba. Gwargwadon yadda aka ƙuntata ɗaya, gwargwadon yadda ɗayan ke bazuwa. Wannan ba gazawar na'ura ba ce, halin igiya ne. Shi ne kuma dalilin da ya hana ilaktiron faɗawa cikin cibiya, domin matse shi a wuri ƙarami yana nufin ba shi gudu mai yawa.

Einstein bai gamsu ba. Ya riƙe cewa lissafin daidai ne amma bai cika ba, akwai abin da ya ɓoye. Sun daɗe suna muhawara da Bohr, musamman a taron Solvay na 1927 a Burasel. A 1935 shi da Podolsky da Rosen suka jawo hankali ga ƙwayoyi biyu da suka sarƙe da juna, waɗanda sakamakon auna ɗaya yake da alaƙa da na ɗayan komai nisansu. A 1964 John Bell ya nuna yadda za a raba gardamar da gwaji. Gwaje-gwajen John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger sun goyi bayan kimiyyar kwantom, kuma su ukun suka raba lambar Nobel ta 2022. Duk da haka, masana ba su haɗu a kan fassara ɗaya ta abin da ke faruwa lokacin awo ba. Akwai mabiya Bohr, akwai mabiya David Bohm na 1952, akwai mabiya Hugh Everett na 1957. A lissafi da sakamakon gwaji bakinsu ɗaya, a ma'ana ne suka rabu.

7.0 Baƙi Daga Sararin Samaniya

Dare da rana wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu, akasarinsu furoton, suna afka wa iskar duniya daga sararin samaniya. Victor Hess ne ya tabbatar da haka a 1912, lokacin da ya hau balan-balan zuwa tsayin kimanin kilomita biyar ya tarar da alamarsu tana ƙaruwa. Idan suka yi karo da iska a can sama, sai su haifar da yayyafin wasu ƙwayoyi. Da yake iska tana cinye wani ɓangare na yayyafin, wanda ke kan Assekrem yana samun fiye da wanda ke Legas.

Kafin a gina manyan injunan karo, wannan yayyafi ne ɗakin gwajin masana. A cikinsa Carl Anderson ya gano fositiron a 1932, wato tagwayen ilaktiron mai cajin ƙari, wanda lissafin Paul Dirac ya yi hasashensa. A 1936 shi da Seth Neddermeyer suka gano miyon. A 1947 ƙungiyar Cecil Powell ta gano fayon a faifan hoto da aka ajiye a kan duwatsu masu tsayi a Faransa da Bolibiya.

Miyon ya ninka ilaktiron nauyi sau 207, kuma matsakaicin rayuwarsa kimanin kashi biyu ne cikin miliyan na sakan. Ana haifarsa a tsayin kusan kilomita 15. Ko da gudun haske yake yi, wannan ɗan lokaci bai isa ya kai shi kilomita ɗaya ba. Amma yana isowa ƙasa, har kimanin guda ɗaya yana ratsa tafin hannun mutum a kowane sakan. Dalili shi ne abin da Einstein ya bayyana a 1905, cewa lokaci yana tafiya a hankali ga abin da ke gudu kusa da gudun haske.

Wannan yayyafi yana kuma mayar da wani ɓangare na naitirojin ya koma kabon-14, wanda tsirrai ke sha muddin suna raye. Da sun mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana ƙarewa a duk shekara 5,730. Da wannan agogo ne aka gano cewa kwalekwalen Dufuna, wanda aka tono a yankin da yake Jihar Yobe a yau bayan gano shi a 1987, ya kai kimanin shekara 8,000.

A yau an san cewa furoton, da niyutiron wanda James Chadwick ya gano a 1932, su ma ba su ne ƙarshe ba. Kowannensu ya ƙunshi kwak uku, kamar yadda Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo a 1964. Tsarin da masana ke aiki da shi yana da kwak iri shida da dangin ilaktiron iri shida, ciki har da miyon da niyutirino, sai kuma ƙwayoyin da ke ɗaukar ƙarfi tsakaninsu, kamar foton. Abdus Salam na Pakistan yana cikin mutum uku da suka sami Nobel ta 1979 saboda haɗa biyu daga cikin waɗannan ƙarfafa a lissafi ɗaya. Ƙwayar Higgs, wadda ta cike tsarin, a cibiyar CERN da ke kusa da Janiba aka gano ta a 2012.

8.0 Dutse: Cibiyar Zarra da Abin da Ya Faru a In Ekker

Wasu cibiyoyin zarra ba su da natsuwa, sukan fitar da wani yanki nasu su rikiɗe. Henri Becquerel ne ya fara lura da haka a jikin yuraniyom a 1896. Abin da ya gagari tsohon lissafi shi ne, yankin da ke fitowa ba shi da ƙarfin tsallake katangar da ta tsare shi a cikin cibiya. A 1928 George Gamow ya nuna cewa da yake ƙwayar igiya ce, ɗan gefen igiyar yana leƙowa bayan katangar, don haka akwai 'yar yiwuwar a wayi gari tana waje ba tare da ta haura ba. Babu mai iya faɗin ranar da cibiya guda za ta fashe, amma ana iya faɗin lokacin da rabin tari zai ƙare. Shi ake kira rabin rai. Na yuraniyom-238 shekara biliyan 4.5 ne. Irin wannan kutse ne kuma yake ba furoton damar haɗewa a cikin rana, wato shi ne asalin hasken da aka fara bayani da shi.

A ƙarshen 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka gano cewa niyutiron yana iya tsaga cibiyar yuraniyom, Lise Meitner da Otto Frisch kuma suka bayyana yadda hakan ke faruwa. Kowace tsagewa tana sakin makamashi mai yawa da wasu niyutiron, su kuma su tsaga na gaba. Idan aka sarrafa wannan jeri a hankali, ya zama tukunyar nukiliya. Idan aka sake shi gaba ɗaya, ya zama bam.

Sahara ta ga na biyun. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane, ta kuma yi gwaji huɗu a sarari a can zuwa 1961. Nijeriya, wadda ba ta daɗe da samun 'yanci ba, ta kori jakadan Faransa a watan Janairu na 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Daga nan aka koma In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, inda aka haƙa ramuka a cikin dutsen Taourirt Tan Afella. An yi gwaji 13 a ƙarƙashin dutsen daga Nuwamba 1961 zuwa Fabrairu 1966, akasarinsu bayan 'yancin Aljeriya, domin yarjejeniyar Evian ta bar wa Faransa wuraren na tsawon shekara biyar.

Ranar 1 ga Mayu 1962, a gwajin da aka sa wa suna Béryl, toshiyar ramin ta gaza. Narkakken dutse da gajimaren ƙura mai guba suka fito, suka rufe sojoji da ma'aikata da manyan baƙi, ciki har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Iska ta kwashi ƙurar ta bi da ita ta kan ƙasar da Abzinawa ke kiwo. Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda gwaje-gwajenta suka shafa. A nan ne ma'anar rabin rai take fitowa sosai. Siziyom-137 yana da rabin rai na kimanin shekara 30, don haka bayan shekara 60 kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. Fulutoniyom-239 kuwa nasa ya haura shekara 24,000, wato a ma'aunin rayuwar ɗan Adam bai ko motsa ba.

Wannan ilimi yana da ɗaya fuskar. Yuraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit a 1971 ya yi shekaru yana ba da wutar lantarki a Turai. A Zariya kuma, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kunna ƙaramar tukunyar bincike mai ƙarfin kilowat 30 a 2004, domin gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kimiyyar kwantom ta tsaya a kan ginshiƙai huɗu: makamashi yana zuwa kaso-kaso, kowace ƙwaya tana da halin igiya, lissafi yana ba da yiwuwa maimakon tabbas, sannan awo yana shafar abin da ake aunawa. An kuma ga yadda waɗannan ke bayyana a wuri guda, daga hasken da ke sauka a Assekrem zuwa gubar da ta rage a In Ekker. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar wannan fanni, kuma Gana ce ta gabatar da ƙudurin.

Kalmomin da aka yi amfani da su a nan iri uku ne: tsofaffi da aka faɗaɗa ma'anarsu, kamar zarra da zango da cibiya, sai na aro da aka daidaita da furucin Hausa, kamar foton da ilaktiron, sai kuma ƙirƙirarru, kamar rabin rai da igiyar yiwuwa. Ana so ɗalibai su gwada kowace a kan mai sauraron da bai yi karatun kimiyya ba, su lura da wadda ya kama da wadda ta sulluɓe masa, su kawo madadin da ya fi. Mazauna gefen ma'adinan Arlit da matafiyan da ke bi ta Tamanrasset suna da haƙƙin a yi musu bayanin abin da ke cikin ƙasarsu da iskarsu a harshen da suke ji.